Yaya zan fahimtar da direbobin Siem Reap ma'anar kalmar "trip"?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da Turanci a wata makarantar yamma a garin Siem Reap na ƙasar Kambodiya. Yawancin ɗalibaina direbobin remork ne, wato babur ɗin nan mai jan keken fasinja da ake kai baƙi Angkor Wat, tsohon wurin bautar nan da masu yawon buɗe ido ke zuwa gani, da shi. Kalmar "trip" ce ta hana mu sakat. Idan suka duba ƙamus a waya sai ya ba su "damnaer", ma'ana tafiya da harshen Khmer, shi ke nan. Wani ɗalibina ya yi ciniki da baƙi zai kai su wani tsohon wurin bauta, Banteay Srei, fiye da kilomita 30 daga gari. Shi a zatonsa kaiwa ce da dawowa. Su kuwa wuni guda suke nufi, har da tsayawa a wurin bauta na Pre Rup kallon faɗuwar rana. Ya ƙona mai, ya wuni, aka biya shi kuɗin rabin yini, kuma kunya ta hana shi magana. Abin ya taɓa min rai ƙwarai, domin magidanci ne. Ta ina zan ɓullo wa darasin nan?

Malama Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka koyar da kalmar ita kaɗai, don baƙo ba ya faɗinta ita kaɗai. Ka ba su ita tare da abokan tafiyarta: "one-way trip" kaiwa kawai, "round trip" zuwa da dawowa, "day trip" fita ta wuni guda a dawo a kwana a gida. Su haddace kowacce a dunƙule. Bambancinta da "journey" da "travel" ka ajiye shi sai gaba, ba shi ke cin kuɗinsu ba. Tana kuma nufin yin tuntuɓe, amma ni da zan bar wannan tukuna.

Yaya Nasiru:
Malama, a gafarce ni, a nan na ɗan saɓa miki. Na zauna a Phnom Penh, babban birnin ƙasar, na kuma hau matakalan wuraren bautar Angkor. Tsaye suke ƙiƙam, duwatsun sun sha taku tun ƙarni na 12, ga saiwoyin itatuwa kwance a hanya a wurin bauta na Ta Prohm. Direban da ya iya ce wa dattijuwa ta kula kada ta yi tuntuɓe ya yi mata babban alheri. A koya musu, jimla ɗaya ce.

Malam Habibu, ka sa kunne kan furuci. Farkon kalmar ba zai ba su wahala ba, suna da irin wannan sauti a "trey", wato kifi. Ƙarshen ne aikin. A Khmer ba a furta baƙaƙe biyu a jere a ƙarshen kalma, kuma harafin s idan ya zo ƙarshe sai ya fito kamar h. Ga shi suna a harshensu ba ya canza siffa don jam'i. Saboda haka "two trips" kan fito ba s, baƙo ya ji sawu ɗaya. Ka sa su riƙa ɗaga murya kan adadin, su nuna da yatsu. Sannan ka fara daga abin da suka sani: suna cewa "dae leng" ga fita shaƙatawa, kuma shi ne abin da mai yawon buɗe ido ya fi nufi.

Alhaji Ɗanlami:
Ni ban iya Turanci sosai ba, amma na yi tuƙin haya tsakanin Kano da Damagaram. Malam, damuwar yaranka ta ciniki ce. Ko a tasharmu wanda ya ɗauki shata bai yanke magana ba, rigima ce ke jiransa. Kafin ya tayar da babur ya tambayi abu uku: ina da ina za a je, zan jira ko zan sauke ku in tafi, ƙarfe nawa za a tashi. A rubuta kuɗin a takarda baƙo ya gani da idonsa.

Yaya Nasiru:
Gaskiyar Alhaji. Kuma aikin ya zo da sauƙi, tunda hanyoyin Angkor suna da sunayen da kowa ya sani: ƙaramin zagaye da babban zagaye. Su buga kati mai Khmer a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen, kowane zagaye da farashinsa. A rubuta ƙarara cewa tikitin shiga, dala 37 na kwana ɗaya, ba ya cikin kuɗin direba. Sabon filin jirgin da aka buɗe a 2023 ma a ware shi daban, don ya haura kilomita 40 daga gari, kuma direba zai iya dawowa ba fasinja.

Malam Habibu:
Allah ya saka da alheri. Sai dai kunyar nan fa? Suna ganin yawan tambayar baƙo rashin ladabi ne.

Malama Rabi:
To a yi ta a aji har bakinsu ya saba. Kai ka zama baƙon, ka faɗi "trip" ba tare da bayani ba da gangan, kada ka bar ɗalibi ya faɗi farashi sai ya yi maka tambayoyin Alhaji guda uku. Wanda ya fi jin kunya ka haɗa shi da abokinsa su fara gwadawa su biyu kafin ya fito gaban aji.