Wai manhajar waya ta wadatar da ma'aikaci a Saudiyya?

Injiniya (Riyad): Salamu alaikum jama'a. Makon nan wani abokin aikinmu ya bar kamfaninmu ya koma wani, bai durƙusa wa kowa ba. Sabon kamfanin ya tura masa tayi ta Qiwa, manhajar ma'aikatar ƙwadago, ya amince, ya cika kwanakin sanarwa, ya kama gabansa. Shi ya sa nake cewa masu kukan babu ƙungiyar ƙwadago a ƙasar nan su huta. Tun 14 ga Maris 2021 ma'aikaci yana iya sauya wurin aiki bayan shekara guda ba sai kafili, wato maigidan da ya kawo shi, ya yarda ba, kuma ya nemi bizar fita da kansa a manhajar gwamnati ta Absher. Albashi ta banki yake shiga, hukuma tana gani. Me ƙungiya za ta ƙara mana? A gida Najeriya ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta sha yajin aiki kafin a kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, lokacin da kuɗin ba sa sayen buhun shinkafa.

Direba (Jidda): Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma Injiniya, amma wannan dokar taku ce, ku 'yan kamfani. A iƙamata, wato katin izinin zamana, direban gida aka rubuta. Mu da masu aikatau da makiyaya da masu aikin gona ba a sa mu cikin gyaran 2021 ba. Ƙarfe shida na safe na kai yara makaranta, ƙarfe ɗaya na dare ina bakin wata kasuwa ina jiran Madam. Wata uku ke nan ban ga riyal 1,200 ɗina ba. In na yi magana, "bukra insha Allah", wato sai gobe. Fasfona yana cikin durowar maigida tun ranar da na sauka.

Injiniya (Riyad): Riƙe fasfo ai laifi ne a dokarsu. Kuma ku ma kuna da Musaned, manhajar ma'aikatan gida. Ka shigar da ƙara mana.

Direba (Jidda): In na shigar yau, a ɗakin wa zan kwana? Ɗakin da ke bakin ƙofa nasa ne, katifar tasa ce. In na kwashe kayana ya buga mini hurub, wato ya kai rahoton na gudu, na zama abin farautar jawazat, jami'an shige da fice. Wanda ya hau motar kwaɗayi dai an san inda take sauke shi, amma ni ba kwaɗayi ya kawo ni ba, gonar babanmu aka jinginar aka biya ejan.

Hajiya (Madina): Kai ma ɗana da sauƙi, kana fita, kana ganin titi, ga waya a hannunka. Akwai yarinyar da ke sauko da shara a wani bene kusa da inda nake sayar da abinci. Minti biyu take samu. A cikin minti biyun nan ta gaya mini uwar ɗakinta ta karɓe wayarta, kuma ba ta san ranar hutu ba, alhali doka ta ba su yini guda a mako. Hannunta duk ya tsage saboda ruwan wanki. Injiniya, wace manhaja za ta danna, da wane yatsa?

Ɗan Mai Wurno (Dammam): Ku bari in sa baki, tunda mu a Sudan mun ga ƙungiya da idonmu. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara suka fara haɗa kai a 1946, suka yi yaji a 1947 har Turawan Ingila suka amince da su, aka yi dokar ƙungiyoyi a 1948, aka kafa tarayyar ma'aikata a 1950. Ba a wayar kowa aka ba su wannan ba. Yajin gama-gari ya taimaka wajen kifar da shugabannin soja Abbud a 1964 da Numairi a 1985, ƙungiyar ƙwararru ce kuma ta ja zanga-zangar da ta kai Shugaba Bashir ƙasa a 2019. Shi ya sa masu mulki ke tsoronsu. Numairi ya rataye shugaban ma'aikata Shafi'u Ahmad Shaikh a 1971, Bashir kuma yana hawa a 1989 ya rushe ƙungiyoyin.

Injiniya (Riyad): To ka gani. Duk siyasa ce. Ina Sudan ɗin take yau?

Ɗan Mai Wurno (Dammam): Haba Injiniya, janar-janar biyu ne suka kunna wutar yaƙin 2023, ba masu gyaran layin dogo ba. Amma zan faɗi abin da zai yi maka daɗi. Kakana ya tsufa yana tsintar auduga a Jazira, yankin noman rani na Sudan. Ƙungiyar manoma ta masu hawasha ce, wato waɗanda aka yanka wa gona. Mu da ke kwana a kambo, sansanin leburorin gona, mu da ke sunkuyawa a cikin audugar, babu wanda ya taɓa kiranmu taro. Ko inda ƙungiya take, akwai waɗanda ake bari a bakin ƙofa, kuma sau da yawa mu ne.

Baba Alhaji (Makka): Yara, ku yi a hankali da abin da kuke rubutawa. Nan ba Kano ba ce. Ma'aikatan kamfanin mai na Aramco sun yi yaji a 1953, suka sake a 1956, a shekarar Sarki Sa'ud ya haramta shi, har yau kuma haka abin yake. Abin da aka yarda da shi kwamitin ma'aikata ne a kamfanin da ke da 'yan ƙasa fiye da 100, su ma 'yan ƙasar ne kaɗai ke shiga. Kada wani ya karanta tarihin Atbara jininsa ya hau, ya je ya tara mutane a bakin kamfani. Tarhil zai kwana, wurin da ake tsare waɗanda za a kora gida.

Magini (Riyad): Gaskiya ne Baba, ba mai cewa a yi yaji. Amma a bar ni da Injiniya. Ranka ya daɗe, ka san daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku. Bara a wurin da na yi aiki, ƙarfe ɗaya muna kan rufi, ƙarfen rodi ba ya taɓuwa sai da safar hannu biyu. Kowa ya san akwai lambar kai ƙara. Ba wanda ya kira. Mu tara ne, fomanin zai ƙirga ya gane ko waye. Da mutum ɗari ne suka wakilta ɗaya ya yi magana da sunansu, wa za a kora?

Injiniya (Riyad): Na ji wannan. Amma kada mu raina abin da ke hannu. Tun 2018 akwai kotunan ƙwadago, kafin a je gabansu akwai zaman sulhu na kwana 21 a maktabul amal, wato ofishin ƙwadago. Na san wanda ya karɓi kuɗin sallamarsa cif, rabin albashin wata kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, cikakken wata kan kowace shekara bayan nan. Yawancin mutanenmu ba su ma san da wannan haƙƙin ba, sai su sa hannu a takardar Larabci cewa an biya su komai.

Hajiya (Madina): To wa zai sanar da su? Aikin ƙungiyar da ka ce ba a buƙata ke nan.

Injiniya (Riyad): Hajiya kin kama ni a nan, amma ban janye duka ba.

Baba Alhaji (Makka): Ku ci gaba da musunku. Kai Direba, turo mini sunan unguwarku ta gefe, ban da sunan maigidan a nan. Ranar Juma'a zan shigo Jidda da wani dattijo da aka haifa a unguwar Shara Mansur ta nan Makka, Larabcinsa ya fi Hausarsa. Mu fara gaishe da maigidan naka mu roƙi wata ukun da fasfon. In ya ƙi, Injiniya ya nuna maka yadda ake shigar da ƙarar, kuma akwai tabarma a gidana.

Direba (Jidda): Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Zan turo anjima, ga Madam ta fito da kaya.