An gayyace ni yawon kiɗan kaka, in bi su ko in zauna?

Telan Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa bin makaɗa yawo. Ni tela ne a wani ƙauye kusa da Ringim, amma tun ina yaro nake taɓa kalangu. Wani mai waƙar biki ya ce in zo in cike musu gurbi, mai kalangunsu ya tafi Legas. Da an gama girbi za a fita, Gumel, Maigatari, a zagayo ta Malam Madori da Haɗeja, sai sanyi ya ja baya a dawo. Babu albashi, kaso ne daga liƙi. Da na tambayi wurin kwana sai ya ce baƙo ba ya kwana a waje a ƙasar Hausa. Matata na da cikin wata shida, ga ɗinkin bukukuwa yanzu yake shigowa. Da gaske mutane na saukar da makaɗa haka kawai? Kuma nawa zan riƙe a aljihu?

Abba Sitidiyo: Wa alaikumus salam. Ka koyi fiyano kawai ɗan uwa, yanzu shi ake yayi. Ka shigo Kano in haɗa ka da mai koyarwa.

Baban Hajara: Ƙanena, na yi wannan yawon da ƙuruciya. Duk garin da kuka shiga da kalangu, ku fara neman Sarkin Pawa, don kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, ba zai bar ku a titi ba. In babu, sai gidan mai unguwa. Ku shiga gari da rana, kada ku yi sallama bayan isha'i. Kuma lokacin da kuka zaɓa ya yi, manoma sun sayar da riɗi da zoɓo, hannunsu a sake yake. A wajen Maigatari, ranar Alhamis da dare bayan kasuwa ta tashi, shi ne daren kuɗi.

Ɗan Amshi Mai Ritaya: Malam tela, ka zauna ka ji nawa. Ni ma da wannan kalma ta "kaso" aka ɗauke ni. Har keken ɗinkin mahaifiyata na sa aka sayar na yi guzuri da anko. In an tashi daga wasa, maigida da sanƙira, wato mai yi wa mutane kirari, su shige mota su rufe gilashi su ƙirga kuɗin su biyu, sannan a leƙo a ce mana yau garin babu albarka. Alhali da hannuna na tsince kuɗin na cika buhu. A cire na mai, a cire na janareta, a cire na gyaran lasifika, abin da ya rage a miƙo maka a dunƙule don kada na kusa da kai ya gani.

Wannan duk na haƙura. A wani ƙauye bayan Gumel zazzaɓi ya kayar da ni, cikin hunturu. A zauren wani dattijo aka sauke mu. Da asuba na ji tashin mota, na ɗauka mai za su sha. Sun tafi ke nan, har da jakata a ciki. Dattijon nan bai san sunana ba, "ɗan kiɗa" yake ce mini. Ya cire bargon jikinsa ya lulluɓe ni, ya kawo kaskon wuta ya ajiye kusa da ƙafata. Matarsa, Inna, kullum da safe sai ta aiko jikarta da kunun tsamiya a ƙwarya an rufe da faifai, yarinyar ta tsaya a bakin zaure sai na shanye, don an ce kada ta dawo da saura. Shi ya kira mai kyamis ya yi mini allura, shi ya biya. Ranar da na samu ƙarfi ya sayar da zakaransa ya ba ni kuɗin mota. Na durƙusa zan yi godiya ya ce in tashi, shi ma yana da ɗa a Kudu da bai san hannun da yake ci ba. Mutanen ƙauye za su riƙe ka. Wanda ya ɗauko ka daga gida shi ne abin tsoro. Har yau in na ji waƙar maigidan nan a waya sai na bar wurin.

Ummu Khalil: Innalillahi. Allah Ya saka wa dattijon nan da Aljanna. Amma ba wanda ya yi maganar mai ciki. Wa zai kai ta awo? In naƙuda ta zo yana Maigatari fa?

Sani Direba: Dubu ashirin ta ishe ka. Shatar mota dubu arba'in ce a rana, kuma ba kai za ka biya ba.

Mai Kotso: Dubu arba'in a wace shekara, direba? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba mu sake samun ƙasa da saba'in ba, mai kuma namu. Ɗaki a Haɗeja dubu goma muka kama, mu shida a ciki.

Sani Direba: An cuce ku ne. Dubu huɗu nake kwana kusa da tasha.

Na Gwaram: Direba, benci kake nufi ko ɗaki? 😂 Tela, ka tafi da gidan sauro ko ka manta da kalangun, sauron fadamar Haɗeja ma 'yan amshi ne.

Abba Sitidiyo: Ɗan Amshi, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mugun ubangida ka samu, kada ka kashe wa yaro gwiwa.

Ɗan Amshi Mai Ritaya: Kai da ba ka taɓa kwana a ajin firamare kan tebur ba saboda liman ya ce kada a sauki maroƙa a gari, me za ka gaya mini? Daga ƙarƙashin fanka kake ba da shawara.

Baban Hajara: Ku yi haƙuri 'ya'yana. Kowa abin da ya gani yake faɗa. Mu a lokacinmu a gaban kowa ake zube kuɗi kan tabarma a raba, wani lokacin ma damin gero ake ba mu. Tela, ka ce a yi maka haka a gaban shaida kafin ka taka mota.

Telan Ringim: Na gode Baba. Yaya Ɗan Amshi, labarinka ya sanyaya mini jiki. Amma har yanzu ban ji nawa mutum ke dawowa da shi gida ba.

Mai Kotso: Wace tabarma kuma, Baba? Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 mutane suka koyi tiransifa. Yanzu ango zai tashi ya ce ya tura dubu hamsin, sanƙira ya yi ta kururuwa, kuɗin kuma a asusun maigida suke sauka. Wa ya ga alat ɗin? Wani ma bai tura komai ba, an dai wasa shi a banza.

Sani Direba: Ni ma haka wani uban biki ya yi mini a wajen Kafin Hausa, ya nuna mini rasit a waya, har yau shiru. Mai Kotso, ku in an yi muku haka wa kuke kai wa ƙara, dagaci ko mai POS ɗin garin?