Muhawara: Chapman ɗin da babu Angostura a ciki, Chapman ne?

Anti Uwar Biki: Assalamu alaikum. Yanzu da amare ke zaɓar launin anko su ce abin sha ma ya bi launin, duk bikin da aka ce ja ne sai a ce a yi Chapman. To ga matsayina, kuma na san za a yi mini ca: abin da yawancinmu ke zubawa a kofi ba Chapman ba ne, Fanta da Sprite ne da aka rina. Chapman na gaskiya sai da grenadine (jan sirof mai zaƙi), lemon tsami, lemon zaƙi, yankan kokwamba, ƙanƙara, da Angostura, ruwan nan mai ɗaci da ƙamshi da ake yarfawa daga 'yar kwalba. In aka cire Angostura to a nemo wa abin wani suna.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam Anti. Kafin a je ga suna, a juya kwalbar a karanta abin da aka rubuta. Angostura kashi 44.7 cikin 100 barasa ce. Wannan ya fi ƙarfin yawancin wiski, da ke tsayawa a kashi 40. Mutane da yawa suna sayenta a kantin kayan girki su ɗauka irin su kayan ƙamshin kek ce. Kuma wasu masu haɗawa a Legas da Abuja har Campari suke ƙarawa don launi da ɗaci, ita kuwa giya ce kai tsaye. Biki a Kano ko Zariya, ɗaki cike da iyaye da yara, ba za a zuba musu wannan ba su sani ba.

Yaya Mai Haɗi: Maganar Maman Biyu gaskiya ce, amma a yi lissafin yadda yake don kada a yi ta zato. Bakin kwalbar an matse shi, yarfawa ɗaya ba ta kai mililita 1 ba. Ana yarfa uku a kofi, a ce mililita 2.5. Barasar da ke cikin wannan ta ɗan haura mililita 1. Kofi 50 zai ci wajen mililita 125, fiye da rabin kwalba mai 200, kuma a cikin abin shan kofi 50 ɗin, wajen lita 15 da rabi, barasar ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Babu wanda zai bugu da wannan. Shi ya sa a otel-otel ake jera Chapman cikin abubuwan sha marasa giya.

Malam Mai Shayi: Yaya, lissafinka daidai ne, sai dai ba buguwa kaɗai ake dubawa ba. Akwai hadisin da ya ce abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma malamai sun yi bayani mai tsawo a kan abin da ya narke ya ɓace cikin wani abu. Wannan fagensu ne, a kai musu. Abin da ya rataya a wuyan mai sana'a shi ne kada ya yanke wa baƙo hukunci a ɓoye. In ka sa, ka faɗa tun wurin karɓar aiki. In an ce ba a so, to ka iya haɗa wanda babu ita kuma ya yi daɗi. Nan ne gwaninta take.

Anti Uwar Biki: Malam, ban ce a ɗura wa kowa abin da bai yarda da shi ba. Cewa na yi idan an cire, ɗanɗanon ya tafi. Ku ɗanɗana Fanta da Sprite da grenadine kawai: zaƙi a kan zaƙi a kan zaƙi. Kurɓa uku harshe ya gundura, a ajiye kofin rabi. Angostura ce ke yanke wannan zaƙin da ɗacin saiwar wani tsiro mai suna gentian, sannan ƙamshinta mai kama da kanumfari da kirfa ya bugi hanci kafin kofi ya kai baki. Ba jiya aka fara ta ba. Wani likita Bajamushe, Johann Siegert, da ke aiki da rundunar Simón Bolívar, jagoran yaƙin 'yanci a Kudancin Amurka, shi ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na Benezuwela, wanda yanzu ake kira Ciudad Bolívar, a matsayin maganin ciki. Daga baya iyalinsa suka mayar da aikin Tirinidad, inda ake yinta har yau, kuma ba su taɓa bayyana cikakken abin da ke ciki ba. Abin da aka shekara 200 ana yi, ba za a kwaikwaye shi da tukunya a dare ɗaya ba.

Maman Biyu: To kin ga kin faɗi aikinta da bakinki, Anti: ɗaci da ƙamshi. Biyun nan duk muna da su a kasuwa. Ga yadda ake yi, na kofi 50.

A wanke lemon zaƙi 4 da garehul 1 sosai. A fere ɓawon da wuƙa mai kaifi, sama-sama, launin kawai. A zuba a kwano da sukari gram 200, a murza da bayan cokali, a rufe a bar shi awa 6 ko ya kwana. Sukarin zai jawo man da ke cikin ɓawon ya zama jiƙaƙƙe mai ƙamshi. Wannan shi ne rabin ƙamshin.

A gefe guda a ɗora ruwa rabin lita a tukunyar sitil, a sa kanumfari 8, kirfa sanda 1, masoro 6, kimba 1 da aka ɗan fasa, ɗanyar citta kamar babban yatsa, da farin da ke cikin ɓawon garehul ɗin nan kamar rabinsa. Farin nan ne ke ba da ɗacin. Wuta kaɗan, a rufe, minti 15. A sauke, ya huce har ya zama ɗumi, a tace a kan sukarin ɓawon, a juya ya narke, a sake tacewa da ƙyalle mai tsabta. Ƙaramin cokali 2 a kowane kofi.

Auta: Maman Biyu, me ya sa ba za a zuba ɓawon duka a tukunyar a dafa tare ba? Ai ya fi sauri.

Maman Biyu: Ƙanwata, man ɓawon lemo yana bin tururi ya gudu. In kin tafasa shi, kicin zai ɗauki ƙamshi, ruwan kuma ya koma ɗanɗanon dafaffen lemo mai nauyi. Ɗaci yana son zafi, ƙamshi yana son sanyi, shi ya sa ake raba su. Kuma kada ki ƙara kanumfari ya wuce haka. Yana da mai mai kashe harshe, shi ne dalilin da ake sa shi a haƙori mai ciwo. Ya yi yawa, baƙi za su ce abin shan yana warin magani.

Yaya Mai Haɗi: Haɗin nan zai yi aiki, ban musa ba, amma a faɗi inda ya gaza. Barasa tana yin abu biyu da ruwa ba ya yi. Tana narkar da man kayan ƙamshi fiye da ruwa nesa ba kusa ba, shi ya sa rabin cokalin Angostura ke yin aikin da naki sai cokali biyu. Sannan tana hana lalacewa: kwalbar Angostura za ta shekara a ajiye ba firij. Na ruwa kuwa sukarinsa bai kai ya tsare shi ba, sai firij, kuma kada ya haura kwana 5. Ga halin wutar lantarki. Wanda ya haɗa ranar Litinin don bikin Asabar, firij yana mutuwa yana tashi, zai buɗe ya ga kumfa a sama da ɗan tsami. Wannan kumfar alama ce ya fara ruɓa, kuma barasar da ake gudun ce ta fara samuwa da kanta. A haɗa ana gobe biki.

Malam Mai Shayi: Akwai gajeriyar hanya ga wanda aiki ya yi wa yawa. A rage kashi ɗaya cikin uku na Sprite a maye shi da Schweppes Bitter Lemon ko tonik. Ɗacinsu na kinin ne, mai tsabta, kuma an auna shi tun daga kamfani. Ƙamshin kayan yaji ne kawai babu, sai a cike da sukarin ɓawon lemon da Maman Biyu ta faɗa. Wasu na amfani da baƙin shayi mai ƙarfi, amma shi bauri yake bayarwa ba ɗaci ba, kuma da ya yi sanyi sai ya gurɓace, jan ya dushe.

Auta: Ɓawon maɗaci fa, ko shuwaka? Ɗacinsu ai ya fi na kowa.

Malam Mai Shayi: A'a, Auta. Maɗaci magani ne, ba a san adadin da ya dace da kofin baƙo ba, kuma cikin taro akwai masu ciki da yara da masu shan wasu magunguna. Shuwaka kuma ɗanɗanon ganye take kawowa, abin shan ya koma kamar ruwan miya. Garehul ɗin ma a kula: yana karo da wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini. Abin da zai shiga kofi ɗaya kaɗan ne ƙwarai, duk da haka in taron dattawa ne a bar shi, a yi amfani da farin ɓawon lemon zaƙi. Ɗacinsa bai kai ba, sai a ninka yawansa.

Hajiya Mai Kwalam: Ina ta karantawa. Ku duka kun tsaya a kan kwalba ɗaya, alhali abin da ke kashe Chapman a biki sau tara cikin goma ba ita ba ce. Gas ne da ƙanƙara. Ana juye komai a babbar roba tun azahar, a juya da ludayi, a zuba dakakkiyar ƙanƙara, kafin la'asar ya zama jan ruwa salam. Ko kwalba guda ta Angostura aka juye a ciki ba za ta cece shi ba.

Ga ma'aunin kofi 50: grenadine lita 1 da rabi, ruwan lemon zaƙi lita 1 da rabi, ruwan lemon tsami rabin lita, Fanta roba 12 masu rabin lita, Sprite 12. Ukun farko da ruwan ɗacin su ne gindi, a haɗa su a jarka a sa a sanyi. Lemon kwalba kuma ya kwana da ƙanƙara a cikin kula, a rufe, domin gas ya fi zama a ruwa mai sanyi, mai ɗumi kuwa ana buɗewa yake tsiyayewa da kumfa. Lokacin rabo: ƙanƙara manya a kofi, gindi mililita 80, wato kamar babban cokali 5, sannan lemon kwalba a karkace kofin a zuba a hankali, juyi ɗaya tak. Kada a taɓa barbaɗa garin sukari a kan abin da ke da gas, nan take zai taso ya zube. Ƙanƙara babba ta fi daka jinkirin narkewa, kuma a tabbata da ruwan sha aka yi ta, ba bulon da ake sanyaya kaya da shi ba.

Lemon zaƙi da na tsami a matse shi ranar, awa 3 ko 4 kafin rabo. In ya kwana yana fitar da wani ɗaci mara daɗi, musamman lemon zaƙi, kuma kada a matse da ƙarfi har 'ya'yan su fashe. Kokwamba a yanka ta siriri a sa a kofi, ba a jarka ba, don in ta jima a ruwa mai tsami laushi take yi ta yi yauƙi.

Anti Uwar Biki: Hajiya, wannan babu ja. Tunda an zo kan grenadine ma, yawancin na kasuwa babu rumman a ciki duk da sunan daga rumman ya samo asali, sukari ne da launi. Nan kam na yarda a canza, sirof ɗin zoɓo ya fi shi. Busasshen zoɓo gram 120, a ɗauraye ƙasar, a zuba tafasasshen ruwa lita 1 da kwata, a rufe minti 20, a tace. Za a samu wajen lita 1. A narkar da sukari kilo 1 a ciki tun da zafinsa, zai ba da kusan lita 1 da rabi, daidai ma'aunin Hajiya. Zoɓo yana da nasa tsamin, don haka a rage lemon tsami zuwa rabi a ɗanɗana. Ban da tukunyar alminiyam, tsamin yana cinta ya ɓata ɗanɗano. Ban da kanwa ko kaɗan: tsami ne ke riƙe jan, kanwa na shiga zai koma baƙi-baƙi mai shuɗi, ankon amarya ya tashi a banza.

Yaya Mai Haɗi: To Anti, kin cire grenadine kin ce har yanzu Chapman ne, amma an cire Angostura kin ce a canza suna. Ina bambancin?

Anti Uwar Biki: Bambancin shi ne zoɓo ya yi aikin grenadine har ya ɗara shi, launi da zaƙi da tsami duk sun fito. Ruwan ɗacin Maman Biyu kuwa ya kusa ne, bai kai ba, kai ma ka faɗa. Wanda ya saba shan na Ikoyi Club da ke Legas, inda aka fi danganta asalin Chapman da shi, zai gane a kurɓar farko. Zan haɗa wa mai biki mara Angostura da hannuna, in rubuta a jikin tulun cewa babu barasa, amma zan kira shi Chapman na zoɓo don kowa ya san abin da ya ɗauka.

Maman Biyu: Na yarda da rubutun, ban yarda da cewa bai kai ba. A gwada shi ido rufe, kofi biyu, sanyi ɗaya, sannan a yi magana. Kuma ga masu son launi biyu, ja a ƙasa ruwan gwal a sama: kada a haɗa sirof ɗin zoɓon da sauran gindin. A cika kofi da ƙanƙara da lemo tukuna, sannan a tsiyaya babban cokali 2 na sirof ta gefen kofin. Sukarinsa ya sa ya fi nauyi, zai nutse ya kwanta. Ruwan ɗacin kuma a sa shi ƙarshe a sama, kusa da hanci.

Auta: Hajiya, in babu kofin gilashi 50 sai na roba, tsarin zubawar ɗaya ne?

Hajiya Mai Kwalam: Ɗaya ne, 'yata, sai dai ki nemi mai faɗin baki da zai ɗauki mililita 450 zuwa 500, don ƙanƙara za ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin. Kada ki jera fiye da kofi 10 a lokaci guda. Mutum ɗaya na zuba gindi, ɗaya na buɗe lemo, tire yana fita ana sake jera wasu.