Sun ce za su sauya lokacin biyana, wa ya taɓa shiga irin wannan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina aikin ba da shawara ga wani kamfani, kwangilar shekara guda. Mun rubuta za a riƙa biyana cikin kwana 30 bayan na miƙa takardar neman biya. Aiki ya yi nisa, sai ga imel wai daga wata mai zuwa kwana 90 ne, sabon tsarin kamfani. Don Allah wanda ya taɓa gani ya faɗa mini yadda ya yi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ya faru da ni. Abin da ya tsaya mini sakin layi ɗaya ne can ƙarshen kwangilar, wanda ya ce ba a sauya komai sai a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu. Na kwafo musu shi cikin ladabi, na ce ina nan kan yarjejeniyar farko. Ba su sake tada maganar ba. Kada ka yi shiru, ɗan'uwa. Lauyana ya ja mini kunne cewa in ka ci gaba da aiki kana karɓar biya a sabon tsari ba ka ce uffan ba, ana iya ɗauka ka amince.

Hajiya mai binciken kuɗi: Ni na yarda, amma ba a kyauta ba. Kwana 90 fa bashi ne kake ba su, alhali kai ma kana da ma'aikata da haya da haraji, ba mai jiranka. Na ce to, su ba ni kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami a kowane sashe na aikin, kuma duk abin da na riga na gama a biya shi a tsohon tsari. Wannan na biyun shi suka fi ja, don sun so sauyin ya haɗa har da takardun da ke hannunsu tuni. Na ƙi. Muka rubuta ƙarin takarda shafi ɗaya, da ranar da za ta fara aiki, aka haɗa da kwangilar. Ka tabbatar wanda zai sa hannu yana da hurumin hakan. Manajan da kuke aiki tare sau da yawa ba shi da shi.

Malamin kwamfuta: Ni cewa suka yi sai wanda ya ba su aikin ya biya su sannan su biya ni. Ba rana, ba wata. Na ƙarasa sashen da ke hannuna, na yi musu sallama.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, sakin layin yana cikin tawa. Hajiya, da kika nemi kafin alƙalami, kin rage farashinki ne ko a yadda yake suka amince?

Hajiya mai binciken kuɗi: Ban rage ko kaɗan ba, ƙanena. Su suka zo neman sauyi, ba ni ba.