Ƙarar janaretan maƙwabci ta hana mu barci

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu sanin harkar gini.

Ɗakin haya nake a Kano. Maƙwabcinmu yana ajiye janaretansa a lungu, daidai ƙarƙashin tagata, kuma da an ɗauke wuta sai ya tayar, wani lokaci har asuba. Mun yi magana, ya ce ba shi da wani wurin.

Bangon bulo ne mai inci 6, tagar ta luba ce, silin na roba, sama kwano. Na lilliƙa kiret ɗin ƙwai a bango, amon cikin ɗaki ya ragu amma ƙarar tana nan daram, ga kyankyasai sun samu maɓoya. Na rataya bargo a taga, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Kaifin ƙarar ya ɗan ragu, sai dai zafi ya sa dole muka yaye bargon. Gurnanin nan mai nauyi ne ya fi damuna: in na dafa bango ina jin yana rawa, gilasan luba har kaɗawa suke. In na hau kujera kuma, ƙarar ta fi ƙarfi kusa da silin.

Mai gida bai yarda a taɓa gini ba. Wani kafinta ya ce a yi wa tagar murfin katako da soso a ciki, a riƙa cirewa da rana. Wani ya ce asarar kuɗi ce muddin ba a shimfiɗa komai a saman silin ba.

Naira 40,000 kawai nake da ita. Wanne zan fara da shi, tagar ko silin?