Wai sinadarin shayi da goro na shiga Kogin Dilimi?

Mai Lambu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina noman rani a gaɓar Dilimi a nan Jos, latas da kabeji da karas, ina kai su kasuwar Farin Gada. Ɗana da ke karatun kimiyya ya ce har kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi da goro, ana samun sa a ruwan kogi, wai yana taɓa kifi. Ta ina yake shiga? Da ruwan nan muke ban-ruwa, abin ya tsaya mini a rai.

Malama Kimiyya: Wa alaikumus salam Baba. Ɗanka bai yi kuskure ba. Kaɗan yana fita ta fitsari, amma ka duba ragowar shayi da ganyen da mai shayi ke juyewa a kwata, ga lemon ƙara kuzari, ga magunguna irin su Panadol Extra da ke ɗauke da shi. Inda ake tace ruwan bahaya, kamar Wupa a Abuja, yawancinsa na rushewa. Mu nan kuwa kwata ce ke miƙa shi kogi kai tsaye. A 2022 masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar York a Ingila suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa koguna 258 a ƙasashe 104, kuma sun same shi a fiye da rabin wuraren da suka ɗebi ruwa. Gwaji ya nuna yana wahalar da halittu masu ƙwanso, yana kuma canza motsin 'ya'yan kifi. Yana rushewa, amma kullum ana zuba sabo.

Ɗan Gangare: Malama, ni ina ganin leda da baƙin mai daga garejin makanikai sun fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba. Kowa ya tsaya kan gada ya leƙa, ya gani.

Malama Kimiyya: Ban musa ba, ɗan'uwa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne masana na amfani da kafeyin a matsayin shaidar cewa ruwan bahaya ya shiga kogi. Inda yake, da wuya a rasa ƙwayoyin cuta da ragowar magunguna. Baba, damuwata ta fi ƙarfi a kan latas, tunda ɗanye ake cin sa.

Mai Lambu: Allah Ya saka da alheri, 'yata. Muna da tsohon kududdufin kuza kusa da gonar. In na ɗebi ruwansa da na kogin a gora biyu, ina zan kai a auna mini?