Ina tsuntsayen kududdufan Kano suka tafi?

Ɗan Ƙofar Mata: Jama'a, ina da tambaya. Muna yara, kududdufin bayan gidanmu kullum cike yake da balbela da kazar ruwa, da magariba kuma mu ji kukan kirinjijiya. Yanzu an cike shi an yi shaguna. Jiya ɗana ya tambaye ni yadda zalɓe yake, wallahi sai da raina ya sosu. Ina zan kai shi ya gani?

Manomin Fadama: Malam, ka kai shi dam ɗin Wasai a Minjibir da sassafe. Zalɓe yana nan, zakaran ƙeƙuwa ma haka. Amma ka hana yaron taɓa ruwan, dattin Jakara da na masana'antun Bompai duk can yake zuba.

Yar Nguru: Yaya, in da hali ku zo mana da hunturu, lokacin da agwagwar Turai ke sauka a dausayin Dagona, nan jihar Yobe. Tun 2000 tafkin Nguru ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya. Mu damuwarmu ciyawar kacala ce, ta toshe hanyoyin ruwa.

Ɗan Ƙofar Mata: Na gode. Asabar za mu fara da Wasai, in Allah ya yarda.